Faifan da na yi bonin yana yi a laftof amma dibidi ta ƙi karɓarsa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a taimaka min da shawara. Na tara bidiyoyin yarana da na ɗauka da waya, na tura su laftof, na sayo emti na yi bonin ɗinsu a faifan DVD dan in kai wa mahaifiyata, saboda ita ba ta iya waya ba kuma idonta ba ya son ƙaramin allo, dibidi da talabijin kawai ta saba da su. A laftof ɗina faifan yana yi lafiya lau, amma da na sa a dibidinta sai ta yi ta juya shi tana ƙara can ta rubuto No Disc. Na sake yin wani, shi kuma ya buɗe amma ba komai sai sunayen fayil, in ka danna ba ya yi. Finafinan kamfani da take kallo duk suna yi. Na ɓata faifai da yawa, har na fara jin nauyin in sake ce mata na kawo. Dibidin ce ta lalace in sayo sabuwa, ko laftof ɗin ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri kan wannan ƙoƙari da kake yi wa Mama, ya kuma ƙara mata lafiya. Kar ka sayi sabuwar dibidi tukuna, kuma dan Allah ka dakata da bonin, kar ka sake taɓa wani emti sai ka gama karanta wannan, dan daga bayaninka ina ganin matsala biyu ce daban daban ta haɗu maka kuma ba ɗaya a cikinsu da ke nuna na'urar ta mutu.

Abu na farko da nake so ka cire a ranka shi ne wai tunda ya yi a laftof to faifan lafiyarsa ƙalau. Wannan ba hujja ba ce ko kaɗan. Kwamfuta kusan komai ka ba ta za ta buɗe, musamman in akwai manhajar kallon bidiyo ta VLC a kai, MP4 ne, MKV ne, faifan da ba a rufe ba ne, duk ba ruwanta. Ita kuwa dibidi kamar maigadin da aka ba suna ɗaya ne aka ce in ba mai wannan sunan ba kar ka buɗe ƙofa. Sunan da take nema shi ne wata folda da ake kira VIDEO_TS, da manyan baƙaƙe, a farkon faifan ba a cikin wata folda ba. In ta leƙa ba ta ganta ba, tsohuwar na'ura sai kawai ta ce ba faifai, wadda ta ɗan fi wayewa kuma ta jero maka sunayen fayil ɗin ta tsaya tana kallonka, wanda shi ne daidai abin da ya faru da faifanka na biyu.

Toh ga gwajin da za ka fara da shi, ba ya cin minti biyu. Ɗauko ɗaya daga cikin faifan da suka ƙi, sa a laftof, kar ka bari ya fara kunna kansa, ka shiga ta wajen fayil ka buɗe shi kamar yadda kake buɗe filash. Me ka gani? In ka ga sunaye irin na waya masu ƙarewa da .mp4 ko .mov, shikenan an gano, faifan ajiya ka yi ba faifan kallo ba, wato kwafe fayil ɗin kawai ka yi ka zuba. Faifan kallo na gaskiya in ka buɗe za ka ga VIDEO_TS, wani lokaci da wata AUDIO_TS da ba komai a cikinta, kuma cikin VIDEO_TS ɗin akwai fayil iri uku, masu ƙarewa da VOB wanda su ne hoto da sauti kuma kowanne ba ya wuce giga 1, da masu IFO wanda su ke gaya wa na'ura ina farko ina ƙarshe ina menu, da masu BUP wanda kwafin IFO ne saboda tsaro. Ka sa ɗaya daga finafinan Mama a laftof ɗin ka duba, haka za ka gansu a jere.

Kuma kar wani ya ce maka ka ƙirƙiri folda ka sa mata suna VIDEO_TS ka canza .mp4 ya koma .vob, wallahi ba zai yi ba, asarar emti ce kawai. Abin da ke cikin fayil ɗin ne ya bambanta. Waya tana matse bidiyo da tsarin H.264 ko H.265, ita kuwa DVD tun da ta fito a 1996 tsarin MPEG-2 ta sani, sautinta kuma yawanci AC-3 ne a kan 48kHz. Dole sai manhaja ta zauna ta juya bidiyon gaba ɗaya daga wancan tsari zuwa wannan, shi ya sa haɗa faifan kallo yake ɗaukar lokaci. In ka ga bonin ɗinka ya gama cikin 'yan mintuna ba tare da laftof ta yi wani dogon aiki kafin nan ba, to ba a juya komai ba.

Akwai wani tarko a Windows da yake kama mutane da yawa, kuma gaskiya ban ga laifinsu ba dan yadda aka rubuta abin yana ruɗarwa. In ka sa emti sai ta tambaye ka yadda kake son amfani da shi, zaɓi biyu, "Like a USB flash drive" da "With a CD/DVD player". Na farkon yana barin faifan a buɗe dan ka riƙa ƙara kaya, kuma dibidi ta gida ba ta karanta irinsa, ina kyautata zaton shi ne ya ba ka No Disc ɗin nan. Na biyun kuma duk wanda ya karanta zai ɗauka ai shi ne maganin, tunda ga sunan na'urar nan ɓaro ɓaro, amma abin da yake yi kawai shi ne ya rubuta fayil ɗin ya rufe faifan, ba ya juya bidiyo, ba ya haɗa VIDEO_TS. A da akwai Windows DVD Maker a Vista da Windows 7 da ke yin wannan aiki, daga Windows 8 aka cire shi, toh yanzu sai ka ɗora manhaja da kanka.

Ni wadda nake ba mutane shawara ita ce DVDStyler, kyauta ce kuma ba ta da wahala. Akwai DVD Flick ma, ta tsufa amma tana aiki. Da ka buɗe sabon aiki za ta tambaye ka girman faifai, ka bar shi a 4.7 in emti na yau da kullum ne, sai PAL ko NTSC, sai 4:3 ko 16:9. In talabijin ɗin Mama mai faɗi ce ka zaɓi 16:9, in tsohuwa ce mai ƙeya 4:3. Sai ka jawo bidiyoyin ka jera su yadda kake so. A nan zan roƙe ka abu ɗaya, ka saita faifan ya fara da kansa ba tare da menu ba, kuma kowane bidiyo ya wuce zuwa na gaba kai tsaye, akwai wannan zaɓin a cikin saitin. Dattijuwa ta sa faifai ta zauna jikokinta su bayyana, ba sai tana laluben rimot tana neman wanda zai danna mata ba.

Maganar PAL da NTSC, wato tsarin hoton talabijin iri biyu, ka kula da ita. Amurka da Kanada da Jafan NTSC suke amfani da shi, hoto 720 a 480, kusan hoto 30 a daƙiƙa. Yawancin Turai da Afirka da Asiya da Ostireliya PAL ne, 720 a 576, hoto 25 a daƙiƙa. Na'urorin PAL da yawa suna karɓar NTSC ba gardama, amma na'urar da aka yi dan kasuwar Amurka sau da yawa ba ta karɓar PAL. Alamar an yi saɓani a nan ita ce hoto ya fito baƙi da fari, ko ya riƙa gudu sama yana birgima, ko ka ji sauti ba hoto. Juya bayan dibidin ka karanta takardar da ke manne, ko ka duba bayan kwalin wani fim da yake yi mata lafiya, abin da aka rubuta a can shi za ka zaɓa. Shi kuma kullin yanki da ke hana faifan wani yankin duniya yi a na'urar wani yankin, lambobin nan 1 zuwa 6, faifan kamfani ya shafa, wanda ka haɗa a gida ba shi da wannan kulli, kar ka ɓata lokacinka a kai.

Kar ka cusa bidiyo ya yi yawa. Faifan da aka rubuta 4.7 a jikinsa kwamfuta za ta nuna maka 4.38, ba cuta ba ce, lissafin ne ya bambanta. Kusan awa biyu yake ɗauka da hoto mai kyau, in ka tura masa awa huɗu zai shiga amma fuskokin yaran za su dagule. Can ɗaya ɓangaren kuma kar ka ɗaga ingancin har ƙarshe, iyakar da tsarin DVD ya yarda wa hoto ita ce megabit 9.8 a daƙiƙa, kuma tsohuwar na'ura in tana karanta faifan gida a kusa da wannan iyaka sai ta fara sarƙewa. Tsakanin 6 da 7 ya wadatar. Sannan ka shirya ranka, hoton ba zai kai kyan na waya ba, kuma wanda ka ɗauka waya na tsaye zai fito da baƙi a gefe da gefe, haka abin yake ba lalacewa ba ce.

Yanzu ga inda za ka daina asarar emti. In ka gama jerawa kar ka ce wa manhajar ta rubuta a faifai kai tsaye, ka ce ta fitar maka da ISO, wato hoton faifan gaba ɗaya a fayil guda a cikin laftof. Ka buɗe ISO ɗin da VLC ka kalla, ka tsallaka tsakiya, ka je ƙarshe, ka saurari ko baki da magana suna tafiya tare, dan bidiyon waya wani lokaci in aka juya shi sauti yakan riga hoto. In komai ya yi sai ka ɗauko ImgBurn, ita ma kyauta ce, ka zaɓi "Write image file to disc", ka nuna mata ISO ɗin. Na jaddada wannan dan akwai masu jan ISO ɗin su jefa a faifai kamar sauran fayil, sai ka buɗe ka ga fayil ɗaya tilo mai ƙarewa da .iso zaune a ciki, dibidi kuwa ba ta san shi ba. ImgBurn za ta rubuta abin da ke cikin ISO ɗin yadda yake, a tsarin da na'urar ke jira, ta kuma rufe faifan da kanta.

Rage gudu. Ko da an rubuta 16x a jikin emtin, ka sa 4x ko 6x, in ya yi yawa 8x. Hasken leza ne yake ƙona wani rini da ke cikin faifan yana barin tabo ƙanana ƙwarai, in gudun ya yi yawa ga emti mara ƙarfi tabon ba ya fita sosai, laftof ɗin da ta rubuta za ta iya karantawa amma idon tsohuwar dibidi sai ya kasa. Ka sa alama a akwatin Verify dan ta sake karanta abin da ta rubuta ta gwada da na asali, ka jona caja, ka bar laftof ɗin a kan tebur kar a motsa ta, kar kuma ka buɗe wasu ayyuka sai ta gama.

Toh a ce ka yi duk wannan, ka buɗe ka ga VIDEO_TS da kayanta cif, amma dibidin ta sake cewa No Disc. A nan sai mu koma kan shi emtin. Duba jikinsa da kyau, DVD-R ne ko DVD+R? Mutane ba sa lura da ƙaramar alamar nan amma iri biyu ne daga ƙungiyoyin kamfanoni biyu da suka yi gasa da juna. Mai ɗan layin, DVD-R, Pioneer ce ta fito da shi a 1997, shi kuma mai alamar tarawa sai 2002 ya zo daga ɓangaren su Philips da Sony. Na'urar da aka ƙera kafin lokacin ko a daidai lokacin tana iya ƙin mai tarawa kwata kwata dan ba ta san sunansa ba. Saboda haka in ba ka san shekarun dibidin Mama ba, DVD-R za ka nema, shi ya fi shiga ko'ina. In kuma ka riga ka sayi tulin DVD+R, akwai dabara, a ImgBurn ka shiga Tools sai Drive sai Change Book Type ka mai da shi DVD-ROM kafin ka rubuta, sai faifan ya gabatar da kansa a matsayin na kamfani. Ba kowace laftof ce ke yarda da wannan ba, amma gwadawa ba ta cin komai.

Masu RW da ake gogewa a sake rubutawa suna da daɗin gwaji, sai dai hasken da suke mayarwa kaɗan ne, kashi 18 zuwa 30 cikin ɗari, alhali faifan kamfani mai shimfiɗa ɗaya yana mayar da 45 zuwa 85. Kaga in RW ya ƙi yi a tsohuwar na'ura ba lallai aikinka ne ya ɓaci ba. Haka mai shimfiɗa biyu, DL mai giga 8.5, shi ma yana ba tsofaffin na'urori wahala, musamman wajen da ake tsallakawa daga shimfiɗar farko zuwa ta biyu. Gara ka raba bidiyoyin a faifai biyu na 4.7 da ka shiga wannan.

Ingancin emti kuma ba ƙaramin abu ba ne, kuma sunan da ke saman faifai ba kullum shi ne wanda ya ƙera shi ba. Da ka sa emti a ImgBurn, a gefen dama za ta nuna maka wata lamba da ake kira MID, ita ce ainihin shaidar masana'antar. Masu wannan harka sun daɗe suna yabon Verbatim mai rubutun AZO a kwali, wanda lambarsa kan fara da MCC, da kuma Taiyo Yuden na Jafan kafin su bar sana'ar a 2015. Emti mara suna da ake tarawa a sanda, wani ya yi wani ya ƙi, a cikin tuli ɗaya. Alamarsa sananniya ce, fim ya fara lafiya, sai can kusa da ƙarshe ya fara maƙalewa hoto na farfashewa gida gida. Dalili kuwa rubutu daga tsakiyar faifai yake farawa ya nufi baki, kuma a bakin ne rinin emti mai arha ya fi rauni. In ka ga haka ka canza emti, ka kuma bar ɗan fili kar ka cika shi taf, kamar giga 4 ya isa. Ka juya faifan ka kalli ƙasansa a haske ma za ka ga iya inda aka rubuta, launinsa ya ɗan bambanta da sauran, in akwai dabbare dabbare ko wani zobe mai haske a tsakiyar rubutun to wannan faifan ya tafi.

Kar ka manna sitika ko takarda a samansa dan rubuta sunan yara, tana sa faifai ya karkace ko ya rasa daidaito in yana juyawa, musamman in na'ura ta ɗau zafi. Maka mai laushin baki ta isa. In za ka goge, ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba, kuma kar a bar shi a rana ko cikin mota dan zafi da haske suna cin rinin.

Sai na'urar ita kanta, dan ban ce ba ta da laifi ko kaɗan ba. Ka ce finafinan kamfani suna yi, wannan ya nuna ba ta mutu ba, amma bai nuna idonta na da cikakken ƙarfi ba. Ido in ya fara rauni ko ƙura ta rufe shi, faifan gida yake fara ƙi tun kafin ya ƙi na kamfani. Hanyar rabe wa ita ce ka ɗauki faifan da ka haɗa daidai ka gwada a wata dibidi daban. In ya yi a can ya ƙi a ta Mama, kuma DVD-R ne mai kyau da ka rubuta a hankali, toh sai a kai ta wajen mai gyara ya goge idon ko ya canza shi. Ban so ka buɗe ta da kanka tana jone da wuta, akwai leza a ciki kuma akwai ɓangaren wuta a fili. In kuma ya ƙi a duka biyun, matsalar tana wajen haɗawa ko wajen abin bonin na laftof ɗinka, dan shi ma yana gajiya, sai ka ɗauki ISO ɗin a filash ka rubuta a wata kwamfuta ka gani. Abu ɗaya kawai za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, in ka canza emti da gudu da manhaja lokaci guda ko ya yi ba za ka san me ya gyara ba.

Ka kuma leƙa gaban dibidin ka karanta tambarin da ke jiki. In akwai DivX, wanda wani tsarin matse bidiyo ne, tana iya kunna fayil ɗin AVI na DivX ko Xvid daga faifan ajiya muddin faɗin hoton bai wuce 720 ba, in kuma tana da ramin filash haka abin yake ta can, sai dai yawancinsu ba sa karɓar MP4 na waya yadda yake sai an juya. Wannan hanya ce mai sauƙi a gare ka, amma ga Mama tana nufin shiga folda da zaɓen fayil da rimot, shi ya sa har yanzu na fi son ka haɗa mata faifan kallo mai farawa da kansa.

Faifan da suka ƙi ɗin nan kar ka zubar, in laftof na buɗe su to ajiya ce ta bidiyoyin yaran da cikakken kyansu, wanda ya fi na faifan kallon ma. Ka rubuta a jikinsu ka adana. ISO ɗin ma ka bar shi a laftof da filash, ranar da na Mama ya karce minti kaɗan ne ka sake buga mata wani. In ka bi wannan ya ƙi, ka sake rubuto min da sunan dibidin da lambar samfurinta da ke baya, da abin da aka rubuta a jikin emtin, da sunayen fayil ɗin da ka gani a cikin faifan, sai mu duba tare.